Waiwaye: Shekara ɗari ana huce haushi a kan kifin shak

A watan Yulin 1916, cikin kwana 12 kacal, kifin shak ya kashe mutum huɗu a jihar New Jersey ta Amurka, ya raunata na biyar. Biyu daga cikin mamatan ma ba a teku abin ya same su ba, a wani ɗan rafi ne mai suna Matawan. Gari ya ruɗe. Jama'a suka fito da bindigogi, suna jefa nakiya cikin ruwa, masunta kuma suka shiga kisan kan mai uwa da wabi. Har yau masana na gardama kan wane irin shak ne ya yi ɓarnar.

Abin da aka fara cikin fushi, daga baya gwamnatoci suka mayar da shi aikin hukuma. A 1937 aka soma kafa raga a gaɓar Sidni ta Ostireliya, Durban ta Afirka ta Kudu ta bi sahu a 1952, jihar Queensland ta Ostireliya kuma a 1962. Da yawa masu iyo suna ɗauka ragar shinge ce, alhali tarko ce. Ta Sidni tsawonta mita 150, zurfinta mita shida, a ruwan da ya fi ta zurfi, don haka kifi na iya bi ta samanta ko ta gefe. Aikinta ta sarƙe abin da ya faɗa ciki ya mutu, kuma ba ta tantancewa: kunkurun ruwa da kifin dolfin duk suna ƙarewa a ciki.

Bayan hare-haren ƙarshen 1957 a kudancin Durban, har jirgin yaƙi aka tura ya riƙa sakin bamabamai cikin teku. Jihar Hawai ta Amurka kuwa ta kashe shak 4,668 tsakanin 1959 da 1976, amma da masu bincike suka bi diddigi ba su ga alamar hare-hare sun ragu ba. Dalilin a fili yake. Manyan shak matafiya ne, wanda ya ciji mutum yau ƙila gobe ya yi nisa. Fim ɗin Jaws na 1975 ya ƙara dasa wa mutane tunanin cewa akwai wani mugun kifi guda da ya ɗanɗana naman mutum, in an kashe shi an huta.

Inda lamarin ya fi fitowa sarari shi ne jihar Yammacin Ostireliya. Mutum bakwai suka mutu daga 2010 zuwa 2013, sai gwamnatin jihar ƙarƙashin Colin Barnett ta sa aka dasa manyan ƙugiyoyi masu koto, rataye a jikin ganguna da aka kafe a saman ruwa. Jirgi ya zo, a jawo kifin a auna shi, in ya haura mita uku a harbe shi a ka, a kai gawar can cikin teku a yar. Daga Janairu zuwa Afrilun 2014 an kama 172. Babban farin shak, wanda ake zargi da yawancin kisan, ko ɗaya bai shiga hannu ba. Haushin kaza ke nan, huce kan dami. Dubban mutane suka yi zanga-zanga a gaɓar Cottesloe, hukumar kare muhalli ta jihar ta ƙi goyon bayan ci gaba, aka dakatar da shirin.

Masu kare raga suna da tasu hujjar: mace-mace sun ragu ƙwarai a wuraren da aka kafa ta. Masu suka na cewa ceto da jinya ne suka inganta. A 2019 wata kotu a Ostireliya ta saurari shaidu kan ƙugiyoyin da ke yankin Great Barrier Reef na tekun Queensland, ta ce kisan ba ya ƙara wa masu iyo tsaro.

A ganina tsoron nan ba da lissafi yake tafiya ba. Shak na kashe mutum biyar zuwa goma a shekara a duniya baki ɗaya, saran maciji kuwa, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, tsakanin 81,000 da 138,000. Sai dai a ce dabba ta cinye mutum yana taɓa zuciya ta wata hanya dabam, kuma ɗan siyasar da ke tsaye gaban iyalin mamaci ba zai iya karanto musu alƙaluma ba. Yana buƙatar abin nunawa.

Yanzu akwai jirage marasa matuƙa masu sintiri, da ƙugiyar da ke aika saƙo a zo a maƙala wa kifin alama a sake shi da ransa. A Satumban 2025 gwamnatin New South Wales, jihar da Sidni take, na shirin gwada cire raga a wuraren iyo uku, sai shak ya kashe wani mai hawan igiyar ruwa a arewacin Sidni. Nan take aka jingine gwajin.