"An Ware" Iri-Iri Ce: Ma'anar Earmark, Ring-fence, Escrow da 'Yan Uwansu

Duk mai sauraron labaran rediyo ya saba jin cewa gwamnati ta ware naira biliyan kaza domin gyaran hanya kaza. Shekara ta zagayo, hanyar na nan da ramukanta, sai a ce ai ƙarya aka shirga mana. Sau da yawa ba ƙaryar ba ce, fassara ce ta haɗiye bambanci. A takardar Turancin da aka fassaro, kalmomi da dama ne ke zama a gurbin da mu muke sa "ware", kuma kowacce da irin ɗaurin da ta yi wa kuɗin. Wata zarge ce kawai, wata kuwa ƙulli ne da sai da wuƙa.

Mafi sako-sako a cikinsu ita ce earmark. Asalinta daga garke ta fito: ear kunne, mark shaida. Makiyayan Ingila kan tsaga kunnen tunkiya ko saniya domin a san mai ita, abin da Fulaninmu ma ke yi har gobe. To, shaidar kunne ba ta hana saniya bin wani garken. Haka kuɗin da aka yi wa earmark suke: an ambaci sunan aikin da za a yi da su, amma suna nan cikin lalitar gwamnati tare da sauran kuɗi, kuma in wata buƙata ta taso ana iya karkatar da su. A Amurka kalmar har ta yi baƙin jini, domin da ita ake kiran kuɗin da ɗan majalisa ke cusawa cikin kasafi don wani aiki a mazaɓarsa. A 2005 an saka sama da dala miliyan 200 domin gina gada zuwa wani tsibiri a jihar Alaska da mazaunansa ba su wuce hamsin ba. Surutu ya yi yawa, gadar ba a gina ta ba, kuma a 2011 majalisar ta dakatar da wannan tsari, sai a 2021 ya dawo da sabon suna. Mu a nan mun san ƙanensa, wato ayyukan mazaɓu.

Sai appropriation, wadda ita ce ta fi ruɗa mutane. Kasafin kuɗin da majalisa ta amince da shi, shugaban ƙasa ya sa hannu, sunansa a doka Appropriation Act. Izini ne na kashewa, ba kuɗi ba ne a hannu. Sai ma'aikatar kuɗi ta yi abin da suke kira release, wato ta saki kuɗin, sannan ɗan kwangila zai ga ko sisi. Tsakanin "an amince" da "an saki" ne yawancin ayyukanmu ke mutuwa, kuma da masu fassara labarai za su riƙa raba mana su, da an rage zagin da ba a san wanda ya cancanta ba. Allocation kuwa kaso ne, kamar wanda kwamitin FAAC ke raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi duk wata.

Ring-fence ta fi ƙarfi. Shinge ne da ya zagaye gona, ba ƙofar da akuya za ta kutsa. Idan aka ce an yi wa kuɗi ring-fence, an hana taɓa su don wani abu dabam ke nan, ko da ana cikin matsi. Turawan Birtaniya sun fi yawan amfani da ita. A 2010, lokacin da gwamnatinsu ke zaftare kasafin ma'aikatu, ta ce na hukumar lafiya ta NHS yana cikin shinge. Misalinmu na gida shi ne harajin ilimi da aka kafa a 1993, wanda a farko kashi 2 cikin 100 ne na ribar kamfanoni, kuma a 2011 aka miƙa shi ga asusun TETFund domin manyan makarantun gwamnati kaɗai. Shi ya sa da wuya ka shiga jami'a ko kwalejin ilimi ba ka ga sunan asusun a jikin wani gini ba.

Escrow kowa ya san ta a aikace, sunan ne baƙo. Za ka sayi fili, kana tsoron ka biya a hana ka takarda, mai filin yana tsoron ya miƙa takarda ka ce sai wata ya yi. Sai ku tafi wurin wani dattijo da kuka yarda da shi, a ƙirga kuɗin a gabansa, ya ɗaure su ya ajiye, ya ce ranar da shaidu suka sa hannu a zo a karɓa. Wannan amanar da ke hannun mutum na uku, wadda ba ta fita sai sharaɗi ya cika, ita ce escrow, sai dai yau banki ko lauya ne ke zaman dattijon.

Endowment kuma ɗan'uwan wakafi ne. Uwar kuɗin ba a cin ta, ribarta ake kashewa. Na jami'ar Harvard ya haura dala biliyan 50. A Sakkwato, hukumar zakka da wakafi da wannan kalmar take fassara wakafi a sunanta na Turanci.

Ita fund, uwarsu duka, mun riga mun ba ta suna mai kyau: asusu. Na tuna irin na ƙasa da ake saya wa yara, mai 'yar tsaga a sama, kwabo ya shiga ba ya fita sai an fasa, kuma ba a fasawa sai Sallah ta matso. Asusun gwamnati ba shi da wannan kariyar sai doka ta ba shi. Asusun rarar kuɗin man fetur da aka buɗe a 2004, zamanin Obasanjo, ya tara kusan dala biliyan 20, amma gwamnoni suka ce tsarin mulki bai san da shi ba, a raba. Aka yi ta ɗiba har ya koma abin tausayi. Wannan na cikin dalilan kafa hukumar NSIA, mai juya kuɗin ajiyar ƙasa, da doka a 2011, aka fara mata da dala biliyan 1.

Akwai guda da ba a faɗa da fara'a, slush fund. A jiragen ruwan Turawa na da, kuku kan tara kitsen da ya taso a tukunyar nama, in an isa tasha ya sayar, a yi ƙananan hidimomi da kuɗin ba tare da sun shiga littafi ba. Kitsen nan shi ne slush. Yau kuɗin ɓoye ake nufi, na sayen baki ko sayen ƙuri'a. Masu sukar kuɗin tsaro da gwamnoni ke karɓa, wanda ba a bin ba'asin yadda aka kashe shi, da wannan sunan suke kiransa a jaridun Turanci, mu kuma a rediyo sai mu ji an ce an ware.