Humanizim Bai Fara da Musun Allah Ba

Da yawa daga cikinmu, da mun ji kalmar humanizim, sai mu ce aƙidar mulhidai ce tun asali. Tarihi bai yarda da haka ba.

A Italiya ta ƙarni na 14, abin ya fara ne a matsayin tsarin karatu: nahawu, balaga, waƙa, tarihi da ilimin ɗabi'a, daga tsofaffin littattafan Latin da Girkanci. Petrarka, ɗaya daga cikin jagororin wannan tsari, wanda ya tono wasiƙun Cicero, marubucin tsohuwar daular Rum, a birnin Verona a 1345, Kirista ne mai riƙo da addininsa. Erasmus kuwa, wani jigon tsarin, limamin coci ne, shi ya buga Sabon Alkawari da Girkanci a 1516. Ma'anar watsi da addini daga baya sosai ta shigo.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda wannan naci kan koyon harshe daga tushe ya share fagen nazarin al'ummomi. A Meziko, ɗan mishan Bernardino de Sahagún ya zauna da dattawan Nahua, 'yan asalin ƙasar, ɗalibansa suna rubuta bayanansu da harshen Nahuatl, har littattafai 12 kan ibada, magani, kasuwanci da tarbiyya. Yaɗa Kiristanci ya sa gaba, amma yau masu nazarin al'adun ɗan Adam ke cin gajiyar aikin.