Wai harsashi duk ɗaya ne in dai ya shiga bindiga?

Tun muna yara muke jin wannan magana a bakin maharba a nan Katsina, wai in bindiga mai saiti ce to ko wane harsashi ka ɗura mata wuri ɗaya za ta buga, in ka kuskure hannunka ne ya yi rawa. To ba haka ba ne gaskiya.

Ɗauki .308 Winchester, wani nau'in harsashi da ake gasar harbi da shi, akwai mai kan harsashi giram 9.7, akwai 10.9, akwai 11.3, duk ramin bindiga ɗaya suke shiga amma gudunsu ba ɗaya ba ne, mai nauyi yakan fito a hankali, kenan inda zai sauka a mita 300 ya canza.

Abin da mutane ba su lura da shi ba ma shi ne bututun kansa. Kana jan kunama yana karkarwa kamar an kaɗa tsumagiya, ido ba ya gani dai, harsashin kuma yana fita ne a daidai wani lokaci na karkarwar nan, in ka sauya albarushi ko nauyi sai lokacin fitar ya sauya, sai ka ga ya bugi gefe ko sama alhali saitinka bai motsa ba. Ga kuma zanen murɗiya na cikin bututu mai sa harsashi juyawa, in bai murɗa da sauri ba dogon harsashi ba ya tafiya a miƙe.

Kai ko kamfani ɗaya ne in ba rukuni ɗaya aka ƙera su ba ana samun ɗan bambanci, shi ya sa 'yan gasa ke sake gyara saitin madubi a mita 100 duk sanda suka buɗe sabon rukuni.