Don ana shan tsada, ba duk jikinta ne abin ci ba

An daɗe ana cewa itacen da ake shan 'ya'yansa, ganye da saiwarsa ma ba sa cutarwa. Amma ba haka abin yake ba; ku duba misalin tsada.

'Ya'yan tsada nunannu lafiya lau ne, ga tsami mai daɗi. Ganyenta kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin guba irin ta rogo mai ɗaci, ƙwallon cikinta kuma yana sa zawo idan an ci da yawa. Shi ya sa masu maganin gargajiya na ƙwarai ke auna sassaƙe da saiwa.

Kafin ku jiƙa wani abu, ku tambaya: wane ɓangare, kuma nawa? Ku nuna wa likita ko masanin haɗa magunguna, musamman in yaro ne ko mai juna biyu. Don Allah a tura wa 'yan'uwa.