Ambaliyar farat ɗaya a gidan karkara mai dabbobi

Ambaliyar farat ɗaya ita ce ruwan da yake tasowa cikin ɗan lokaci kaɗan, wani sa'in ko awa ɗaya ba a yi, bayan an tafka ruwan sama mai ƙarfi ko kuma wani dam ko jinga ta ɓalle. Ta bambanta da cikowar kogi irin ta kwarin Haɗeja, wadda ake ganin tahowarta kwana da kwanaki har mutum ya samu ya kwashe kayansa. A ƙasar Hausa wanda ta fi yiwa ɓarna shine ƙaramin magidanci na ƙauye, mai gidan ƙasa da rumbu ɗaya ko biyu, da 'yan awaki da tumaki a turke, ƙila da jaki ko shanun huɗa, dan shi duk abinda ya mallaka yana cikin katanga ɗaya ne.

Yadda take zuwa

An fi samunta daga Yuli zuwa Satumba, musamman lokacin marka a watan Agusta sanda ƙasa ta riga ta ƙoshi ba ta iya shan wani ruwan. Fako da gonakin da aka sare itatuwansu ma ba sa riƙe ruwa, gangarawa kawai yake. Abinda yake yaudarar mutane shine ba dole sai anyi ruwan a garinsu ba, ana iya yinsa can sama a wani gari, sai korama da take bushe da rana yara na wasa a yashinta ta ciko da daddare.

Tarihi

A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda da ke kudu da Kano ya fashe bayan ruwa mai yawa, ya ci gidaje da gonaki, har yau dattawan yankin da shi suke kwatance. A farkon Satumban 2009 ruwan da ya sauka a duwatsun Ayar ya biyo koramar Telwa ya karya jinga ya shiga Agadas, dubban gidajen ƙasa suka rushe, garake da dabbobi suka tafi, a garin da yake bakin hamada. Shekara ɗaya bayan nan, 2010, ƙauyukan da ke ƙasan dam ɗin Goronyo a Sakkwato suka sha nasu.

Na Jibiya a jihar Katsina, a Yulin 2018, shi ya fi nuna kamannin abin sosai. Ruwa ne akayi cikin dare mutane na barci, kafin gari ya waye sama da mutum 40 sun rasu, ɗaruruwan gidaje sun faɗi, dabbobi ma ɗaruruwa. A 2024 Nijar ta rasa sama da mutum 300 a damina ɗaya, jihar Maraɗi ce kan gaba wajen asarar rayuka, kuma a wannan daminar tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe. A Satumban shekarar dai dam ɗin Alau ya ɓalle ya cinye Maiduguri, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. Sai Mokwa a jihar Neja, ƙarshen Mayun 2025, da asuba, sama da mutum 150 suka rasu.

Tsarin gida na da

Mutanen can baya basu da hasashen yanayi na rediyo amma sun san ƙasarsu. Gida akan tudu ko jigawa ake kafa shi, fadama da kwari na noma ne da kiwon rani, ba a kwana a can. Ramin da aka haƙi ƙasar gini shi yake zama kududdufi, kuma shine ma'ajiyar ruwan unguwa, duk rariyar gida can take nufa. Kafin damina ta faɗi ana yin yaɓe, a shafe soro da katanga da makuba, a gyara indararo yadda zai jefa ruwa nesa da bango, a ƙara ƙasa a gindin katanga ko ayi dakali. Wannan na gindin shine mai muhimmanci, saboda ginin ƙasa ba daga sama ruwa yake kayar da shi ba, gindinsa yake jiƙawa har ya narke sai bangon ya zauna gaba ɗaya da azarar da ke kansa. Rumbu kuwa akan duwatsu ake ɗora shi, ruwa ya bi ta ƙarƙashi, kaji ma su samu wajen fakewa. Harawa da karmami a saman bishiya ko kan rumfa ake jibge su.

Da yawan wannan ya lalace yanzu. An cike kududdufai an yanka filoti, an yi gini a hanyar ruwa saboda yawan jama'a da tsadar fili, leda kuma ta toshe kwatoci. Abin takaici ne ƙwarai, dan wasu gidajen da suke faɗuwa yau ba ƙarfin ruwan ne ya kayar da su ba, rashin inda zai bi ne.

Dabbobi

Turke shi yake kashe dabba a ambaliya. Saniya tana iyo, jaki da akuya ma in an sake su sukan nemi tudu da kansu, amma wadda take ɗaure da igiya guntuwa ruwan da bai wuce ƙugun mutum ba ya isa ya halaka ta. Shi yasa masu kiwo da suka taɓa gani suke ajiye wuƙa da tocila kusa da ƙofa duk damina, wasu kuma in hadari ya haɗu da yamma sai su kwance dabbobin su barsu sake cikin garke, ko su kora su gidan ɗan'uwa da ke kan tudu tun da sauran haske. Kaji da 'yan tsaki da aka rufe a akurki su suke fara mutuwa, sai 'yan raguna da 'yan awaki ƙanana.

Yawancin awaki da tumakin da ke tsakar gida na mata ne, su ne asusunsu na kayan ɗakin 'ya da kuɗin asibiti da hidimar suna, kenan in ruwa ya tafi da akuya uku ba ƙaramin abu ya tafi da shi ba, kuma wannan asarar ba kasafai take shiga lissafin masu rabon tallafi ba.

Lokacin da ruwan ya shigo

Yara da tsofaffi ake fara fitarwa daga ɗakin ƙasa, sannan a yanke igiyoyi. Ba a tsallaka korama mai gudu ko da ruwan iya gwiwa ne, yana ɗauke babban mutum. An sha rasa rai wajen komawa ɗauko tunkiya ko buhun hatsi. Makarantar firamare da bakin titi su ne mafakar da aka saba.

Bayan ya janye

Katangar da ta sha ruwa tana iya faɗuwa bayan kwana biyu ko uku rana na haskawa, dan haka ba a gaggawar komawa ɗaki. Rijiya takan haɗu da ruwan masai, daga nan amai da gudawa yake ɓarkewa, sai an yashe ta kuma a riƙa tafasa na sha. Mushe binne shi ake nesa da rijiya. Harawar da ta jiƙe ta yi funfuna ba a baiwa dabba. Tsayuwa cikin taɓo yana ruɓar da kofato, kiwo a inda ruwa ya kwanta kuma yana kawo ciwon hanta, wanda sai bayan makonni ake ganin dabba na ramewa, nan ne ake neman malamin dabbobi. Mahauta sukan sayi wadda ta jigata da araha. Macizai da kunamu ma suna biyo busasshen wuri, har cikin kayan da aka tsamo.

Gyaran gini yawanci sai kaka, da gayya.

Hukumomi

A Najeriya hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar lura da ruwan koguna NIHSA suna fitar da hasashe duk shekara, hukumomin agajin gaggawa, NEMA ta tarayya da SEMA na jihohi, suna kai agaji, galibi hatsi da tabarmi da kwanon rufi.

Taƙaddama

A Jigawa manoma da dama suna ɗora laifin ambaliya akan sakin ruwan dam ɗin Tiga da na Challawa, hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are kuma tana cewa dam in ya cika da kansa yake tumbatsa. Wasu suna ƙara da ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin kogin.