Fata marar juriya: kulawa, kariya daga rana da sinadaran kayan shafa a Jos

Fata marar juriya ita ce fatar da ke saurin yin raɗaɗi, ƙaiƙayi, ɗaurewa ko feso da ƙuraje idan ta haɗu da abin da yawancin mutane ke amfani da shi lafiya lau, kamar sabulu, turare, man shafawa, wani lokaci har ruwan zafi ko iska mai sanyi. A bakin jama'a ba ta da wani tsayayyen suna. Sai dai a ji mace ta ce "man nan bai karɓe ni ba", ko "fatata ba ta son sabulu mai ƙamshi". Likitocin fata ba sa ɗaukar ta a matsayin cuta guda. Alama ce da kan zo ita kaɗai, ko ta biyo bayan kirci, ko rashin jituwar jiki da wani sinadari, ko ɓarnar da man bilicin ya bari. A jikin baƙar fata ja ba ya fitowa fili kamar a jikin Bature, shi ya sa ake yawan raina matsalar. Abin da aka fi gani shi ne wurin ya yi duhu ko ya yi furu-furu, daga baya ya bar baƙin tabo da kan yi watanni bai goge ba.

Katangar fata

Saman fata siririyar shimfiɗa ce ta matattun ƙwayoyin halitta, a jere kamar tubalin gini, da maiƙo a tsakaninsu a madadin laka. Aikin katangar biyu ne: ta riƙe ruwan jiki a ciki, ta tare abin waje. Tana da ɗan tsami, kusan 5 a ma'aunin pH, alhali sabulun wanka na gama-gari yana kaiwa 9 zuwa 10, wato ya bar tsami ya koma ɓangaren kanwa. Duk wankan da aka yi da irin wannan sabulu yakan kwashe wani abu daga lakar ginin. Lafiyayyar fata kan mayar da abin da ta rasa cikin sa'o'i, marar juriya kuwa ba ta gama gyara ba za a sake yi mata wani wankan.

Ɓacin fata iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai wanda sinadari ke cin fata kai tsaye, kamar yadda omo ke yi wa hannun mai wankau. Wannan kowa zai iya samu idan abin ya yi yawa. Akwai kuma wanda garkuwar jiki ce ta ɗauki wani sinadari a matsayin abokin gaba. Shi wannan ba ya nunawa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma mutum na iya shekaru yana shafa abu lafiya kafin jikinsa ya juya masa baya. Idan ya juya, galibi ya juya ke nan.

Abin da yanayin Jos ke yi

Jos tana bisa tsauni, sama da mita 1,200 daga doron teku. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu kan zo da busasshiyar iska da ƙura, cikin dare kuma sanyi kan sauka kusa da digiri 10. Lokacin ne leɓe ke tsagewa, dunduniya ta yi faso, ƙafar yaro ta yi fari fat kamar ya yi wasa a toka. Mutanen garin sun saba da maganin wannan: ruwan wanka mai zafi ƙwarai, soso mai kaushi, sai basilin. Na ƙarshen ne kawai daidai. Ruwa mai tururi yana narkar da maiƙon fata kamar yadda yake wanke kwanon miya, soso kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Ruwa mai ɗumi ya isa, a taƙaita wankan, a shafa mai cikin mintuna kaɗan da fitowa tun jiki da sauran danshi.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne rana. Sanyin Jos yana ruɗar mutum ya ɗauka ranar garin ba ta da ƙarfi, alhali zafi daban, hasken da ke ƙona fata daban. Wannan haske da ido ba ya gani, wanda ake taƙaita sunansa da UV, yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk hawan mita 1,000, ga shi garin bai kai digiri 10 daga layin ikwaita da ya raba duniya biyu ba. Mai sayar da kabeji da karas a Farin Gada, da manomin dankalin Turawa a Bokkos, suna iya wuni cikin rigar sanyi rana tana aikinta a fuskarsu. Mazaunin Abuja zafi kan kore shi zuwa inuwa da kansa. Na Jos shi ke fita neman hantsi. Hadari ma ba garkuwa ba ne, domin mafi yawan wannan haske yana ratsa gajimare marar kauri.

Kayan gargajiya

Man kaɗanya shi ne kan gaba, kuma ya cancanci sunan da ya yi. Yana laushi da fata, yana rage fitar ruwa, kuma da wuya a samu wanda jikinsa bai jitu da shi ba. Sharaɗin shi ne ya zama tsantsa. Wanda aka buga da turare da kala don ya yi kyau a roba ya riga ya tashi daga wannan layi. Man kwakwa yana da kyau a jiki da ƙafa, amma a fuskar mai yawan ƙuraje yakan toshe ƙofofin gashi. Man zaitun, duk da darajarsa a wurinmu, an gano yawan shafa shi yana raunana katangar fata, don haka ba shi ne zaɓin farko ga jariri ko mai kirci ba. Basilin kuwa, wanda wasu ke ƙyama don daga man fetur aka tace shi, yana cikin abubuwan da fata marar juriya ta fi aminta da su, saboda ba ya ɗauke da komai da zai tayar da ita.

Sabulun salo daga tokar ɓawon ayaba ko na koko ake yin sa, da mai irin su alayyadi. Toka kuwa kanwa-kanwa ce, don haka sabulun yana da kaifi, kuma kaifin wani curi ya fi na wani tun da ba da ma'auni guda ake dafa shi ba. Mai maiƙon fuska na iya jin daɗinsa. Mai busasshiyar fata da ya dinga goga shi safe da yamma cikin hunturu zai ji fuskarsa ta ɗaure tana zogi, kuma wannan zogin ba alamar yana aiki ba ce, ko da mai sayarwa ta faɗi haka.

Lemun tsami ya fi kowanne cutarwa cikin haɗe-haɗen gida. Ruwansa da ɓawonsa suna ɗauke da sinadaran da, idan rana ta same su a kan fata, kan haddasa ƙuna har da bororo, sannan baƙin tabo, wato ainihin abin da aka shafa shi don a kawar. Dilka da halawa na gyaran amare ba su da laifi a kan lafiyayyar fata, sai dai gurza ce da tuge gashi, ga turaruka a ciki. Amaryar da ta san fatarta ba ta da juriya gara ta gwada tun da sauran makonni, kada ranar kamu ta same ta da kumburarriyar fuska.

Jan lalle na ganye ba ya cika kawo matsala. Baƙin lallen da ke kamawa cikin rabin sa'a shi ne abin tsoro, domin yawanci dayis ɗin gashi ne, mai sinadarin da ake taƙaitawa da PPD. Wanda jikinsa ya ƙi shi, zanen furen gaba ɗaya kan taso ya yi ruwa, ya warke ya bar surarsa a hannu, kuma daga ranar rinin gashi ma ya zama haɗari gare shi. Kwallin dutse kuma sau da yawa ma'adinin dalma ne, abin da bai kamata ya kusanci idon jariri ba.

Kariya daga rana

Baƙar fata tana da kariyarta ta halitta, wadda aka kimanta da kusan 13 a ma'aunin SPF, wato ma'aunin ƙarfin man kariya daga rana, shi ya sa ciwon dajin fata na rana bai yawaita a cikinmu kamar a Turai ba. Amma wannan bai hana rana ƙara wa tabo duhu ba. Duk mai fama da tabon ƙuraje, ko baƙin da ke shimfiɗuwa a kumatu da goshi lokacin goyon ciki, in ba ta tare rana ba, kuɗin man goge tabo asara ne.

Hasken UV da ke iso mu iri biyu ne. UVB shi ke ƙona fata. UVA ya fi shiga ciki, yana kawo tamoji da duhu, yana kuma ratsa gilashin taga. Lambar SPF da ke jikin kwalba ta UVB ce: 15 tana tare kusan kashi 93 cikin 100, 30 kusan 97, 50 kusan 98. Tazarar 30 da 50 ba ta kai yadda farashi ke nunawa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne man ya ambaci UVA ma, a kuma shafa isasshe. A ɗakin gwaji miligiram 2 ake sa wa kowane murabba'in santimita, wanda ga fuska da wuya ya kai kusan rabin ƙaramin cokalin shayi, mutane kuwa rabin haka ko ƙasa suke shafawa. Wanda ke waje sai ya sabunta bayan sa'o'i biyu, haka nan bayan gumi ko alwala.

Ga fata marar juriya an fi son mai na ma'adinai, wato mai zink oksaid ko taitaniyom dayoksaid, don ba su cika tayar da fata ko sa ido yaji ba. Aibinsu sananne ne: suna barin baƙar fuska da farin toka kamar an shafa alli. Waɗanda aka sa wa launin ƙasa da sinadarin tsatsar ƙarfe sun rage wannan, kuma suna tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo a baƙar fata. Cikin ɗaya rukunin, wato man kariyar da ba na ma'adinai ba, oksibenzon ne ya fi suna wajen haddasa rashin jituwa. Man kaɗanya da man kwakwa ba sa maye gurbin ko ɗaya. Kariyar da ke cikinsu ba ta taka kara ta karya ba.

Tufafi sun riga kwalba. Malfar Bafulatani mai faɗin baki, doguwar riga, hijabi mai kauri da lema duk kariya ce da ba ta ƙarewa, sai dai fuska da bayan hannu suna nan a buɗe. Rana ta fi kaifi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, ko a ce duk lokacin da inuwar mutum ta gaza tsawonsa. Jaririn da bai kai wata shida ba inuwa da sutura ake ba shi, ba mai ba. Ga zabiya kuwa zancen ya wuce na kwalliya, batun rai ne, domin ciwon dajin fata yana kama su tun da ƙuruciya. Duk gyambon da ya ƙi warkewa a kunne, leɓe ko wuya na bukatar likita da gaggawa.

Sinadaran da ake dubawa

Jerin sinadaran da ke bayan kwalba yana farawa da abin da ya fi yawa ne, ya gangara. Turare shi ne kan gaba wajen ɓata fata, kuma kalma ɗaya tak, "parfum", na iya ɓoye sinadarai da dama. Man ƙamshi da aka tatso daga tsirrai ba su tsira daga wannan ba. Fata ba ta tambayar ko daga gona abu ya fito ko daga masana'anta. Na biyu su ne magungunan hana mai lalacewa. Ɗaya daga cikinsu, metilaisotayazolinon, ya jawo ƙorafi har Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan da ake shafawa a bari a jiki tun 2017. Kalmomin talla irin su "na halitta" ko "oganik" ba su da tabbacin komai. Gajeren jeri, babu ƙamshi, da lambar rajistar NAFDAC sun fi su amfani.

Mafi munin ɓarna daga man sa haske take zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da irinsa, kuma a 2023 NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa. Abubuwa uku ne ke yawan fitowa. Haidirokwinon magani ne na gaske a hannun likita na ɗan lokaci, amma shekaru ana shafa shi kan bar baƙi mai shuɗi-shuɗi a ƙasusuwan kumatu da ke da wuyar magani. Sitiroyid mai ƙarfi irin kulobetasol, wanda ake matsewa daga tub a zuba cikin man shafawa, yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nanƙarwa da makero, rauni ya daɗe bai haɗe ba. Zaiba kuwa ba ta tsaya a fata ba, tana taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, har ɗan da ke ciki. Tana cikin abin da Yarjejeniyar Minamata ta 2013, ta ƙasashen duniya, ta sa wa takunkumi. A shagunan kayan kwalliya na wajajen Taminus, kamar sauran manyan kasuwanni, ana samun robobin haɗi marasa suna da jerin sinadarai, kuma da yawa cikin masu cewa fatarsu ba ta da juriya daga nan suka samo ta. Wadda ta daɗe a kan sitiroyid kada ta yanke rana ɗaya, domin fatar kan yi bore. Da taimakon likita ake janyewa a hankali.

Gwaji kafin amfani

Sabon mai ana fara shafa shi ne a wuri kaɗan, kamar faɗin kwabo, a lanƙwasar gwiwar hannu, sau biyu a rana har kwana bakwai zuwa goma. In babu ƙaiƙayi ko kumburi, sai a kai shi fuska, kuma abu ɗaya ake sabuntawa a lokaci guda don a gane mai laifi. Idan ɓacin ya ƙi tafiya bayan an ajiye komai sai ruwa da basilin na mako biyu, ko wurin yana ruwa, sai a nemi likitan fata a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, a tafi da duk kwalabe da robobin da ake shafawa, har da na haɗin da ake jin kunyar nunawa. Kumburin leɓe ko ido tare da sarƙewar numfashi kuwa ba ya jiran ranar ganin likita, sashen gaggawa ake nufa nan take.