Boris Karloff: wane ne mutumin da ke bayan fuskar dodon Frankenstein?

Ko wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba ya san fuskar: kai a baje kamar an ɗora faranti, ƙarafa biyu a wuya, idanu a lumshe kamar mai jin barci. Fuskar ta fi mai ita suna nesa ba kusa ba. Ga abubuwan da aka fi tambaya a kansa.

Boris Karloff sunansa ne na yanka?

A'a. William Henry Pratt aka raɗa masa, an haife shi a kudancin Landan ranar 23 ga Nuwamba, 1887, shi ne auta cikin 'ya'ya tara. Gidansu na ma'aikatan gwamnati ne masu jinin Indiya, kuma yayyensa sun shiga aikin jakadanci. Shi ma can aka nufa da shi, sai ya zame ya tafi Kanada a 1909. A can ya yi ƙwadago a gona, ya bi ƙungiyoyin wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari, a nan kuma ya laƙaba wa kansa wannan suna mai kama da na Rashawa, alhali ba shi da wata alaƙa da Rasha.

Ya aka yi ya samu fim ɗin da ya fito da shi?

Da kyar, kuma a makare. Ya yi fina-finai kusan 80 ba wanda ya san da zamansa. Saboda duhun fatarsa, yawanci Balarabe ko Ba'indiye ko wani mugun bayan fage ake ba shi, idan aiki ya yanke kuma ya koma tuƙa babbar mota. A 1931 kamfanin Universal na neman wanda zai fito a dodon labarin da Mary Shelley ta rubuta tun 1818. Bela Lugosi, wanda tauraronsa ke haskawa saboda fim ɗin tsoro na Dracula, shi aka fara gwadawa, abin bai yiwu ba. Sai darakta James Whale ya hangi Karloff a ɗakin cin abinci na kamfanin, ƙirar fuskarsa ta ja hankalinsa. Lokacin ya haura shekara 43. Da aka saki fim ɗin ma, a jerin sunayen farko alamar tambaya aka sa a gurbin sunansa.

Af, kafin mu wuce: Frankenstein sunan masanin da ya harhaɗa gawar ne, dodon ba shi da suna. Sai dai an daɗe ana wannan gyara, ba ta shiga kunnen kowa ba.

To mene ne abin yabo a wasan mutumin da ko magana bai yi ba?

Nan ne gizo ke saƙar. Dubi yadda ya fara bayyana: ƙofa ta buɗe, ya shigo da baya, sannan ya juyo a hankali, kyamara ta matso fuskar. Ba ihu, ba zare ido. Aka zaunar da shi a kujera, mai gidansa ya buɗe tagar rufin ɗaki, haske ya sauko. Sai ya miƙe ya ɗaga hannaye biyu yana son kama hasken, kamar jaririn da aka nuna wa fitila. Aka rufe tagar, ya tsaya da tafin hannu a buɗe yana rawa, yana roƙon abin da bai san sunansa ba. Daga wannan minti mai kallo ya shiga ruɗu, bai san ko gudu zai yi ko tausayi zai ji ba.

Haka wurin yarinya Mariya a bakin tafki. Ita kaɗai ce ba ta guje shi ba. Ta ba shi furanni suna jefawa a ruwa suna kallon yadda suke yawo, har ya yi murmushi. Furanninsa suka ƙare, sai ya ɗauke ta ya jefa, a zatonsa ita ma za ta yi yawo a kan ruwan. Masu tace fina-finai sun yanke wannan wuri, kuma a ganina sun yi gyaran gangar auzinawa: mai kallo ya ga dodo ya miƙa hannu, can sai ga uba ɗauke da gawar 'yarsa, zuciya kuwa ta raya masa abin da ya fi gaskiyar muni. Sai a shekarun 1980 aka mayar da wurin.

Karloff da kansa ya sha faɗin cewa yara ne suka fi fahimtar dodon, wasiƙun da suke aiko masa na tausayi ne. Wannan shi ne abin da masu kwaikwayonsa suka kasa ɗauka. Sun ɗauki tafiyar da gurnanin, sun bar maraicin.

Wa ya ƙirƙiro fuskar?

Jack Pierce, mai kwalliyar Universal. Kullum sai an kwashe wajen awa huɗu ana gina kan da auduga da wani irin danƙo. Karloff ma ya sa hannu: ya cire haƙoran roba da ke gefen bakinsa don kumatu su lotsa, aka kuma ɗora masa kakin zuma a fatar ido don idanun su mutu. Takalman kuwa irin na masu shimfiɗa kwalta ne, kowanne kusan kilo biyar. Da wannan kaya aka sa shi ya riƙa saɓar Colin Clive, wanda ya fito a masanin, yana hawa tudu da shi. Bayansa bai ƙara komawa daidai ba har ya bar duniya.

Wahalar nan ba ta tafi a banza ba. A 1933 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka, katinsa lamba tara ne, a lokacin da shiga ƙungiya kan iya raba mutum da abincinsa.

Sau nawa ya fito a dodon?

Sau uku a fim: 1931, sai Bride of Frankenstein a 1935, sai Son of Frankenstein a 1939. A na biyun an sa dodon ya yi magana, shi kuwa bai so haka ba. Bayan na ukun ya ajiye, don ya lura an fara mayar da dodon abin wasa kawai.

Ban da shi, me ya yi?

Da yawa. A 1932 ya fito a The Mummy a matsayin Imhotep, bokan tsohuwar Masar da ya tashi daga kabari, inda ya nuna cewa muryarsa mai sanyi ta fi gurnani ban tsoro. Ya haɗu da Lugosi a The Black Cat a 1934. A 1941 ya koma dandamali a New York, ya fito a wani wasan barkwanci a matsayin mugun da ya kashe mutum don ya ce masa yana kama da Boris Karloff. Fina-finai ukun da ya yi da furodusa Val Lewton, musamman The Body Snatcher na 1945, su ne nake ganin ƙololuwar wasansa ba tare da kwalliya ba. Ya gabatar da shirin Thriller a talabijin daga 1960 zuwa 1962, kuma muryarsa ce a zanen Grinch na yara na 1966, labarin da faifansa ya ciyo masa kyautar Grammy.

Bai ji haushin an ɗaure shi a fina-finan tsoro ba?

Ko kaɗan. Mutumin da ya yi shekara 20 yana neman na abinci bai raina abin da ya rufa masa asiri ba, kuma yakan kira dodon babban amininsa. A gida mutum ne mai sanyin hali, mai son lambu da wasan kurket.

Ya ƙarshensa ya kasance?

Yana aiki har ƙarfinsa ya ƙare. A Targets na 1968, wanda Peter Bogdanovich ya ba da umarni, ya fito a tsohon jarumin fim ɗin tsoro da ke son yin ritaya, don ya ga kashe-kashen gaske da ake bugawa a jarida sun fi kowane dodo razana mutane. A shekarar ya ɗauki wasu fina-finai huɗu na wani furodusa ɗan Meziko, yana zaune a keken guragu da tukunyar iskar numfashi a gefe. Idan an ce a fara, sai ya cire abin shaƙar ya miƙe ya yi wasansa, ana gamawa ya koma ya zauna. Ya mutu a asibiti a Midhurst, kudancin Ingila, ranar 2 ga Fabrairu, 1969, yana da shekara 81.